Zane Na Gocewa a Injin CNC: Laifin Mariƙi Ne Ko Na Inji?

"Assalamu alaikum Maigida. Ina da injin sassaƙa na CNC ƙirar 1325 a shagona. An ba ni aikin ƙyauren kabad guda 30 na madaci, zane iri ɗaya, gaba da baya. Na haɗa jig da filawud, katako biyu a kusurwa da kilam huɗu, don kada in riƙa saita sifili kowane lokaci. Biyar ɗin farko sun fito daidai. Daga nan zanen ya fara gocewa gefe kamar milimita 2 zuwa 3, wani ya yi tsani a tsakiyar yanka, wani wurin ya yi zurfi wani wurin sama-sama. In na juya katakon kuma, zanen baya ba ya haɗuwa da na gaba. Na ƙara ɗaure kilam har sifana na zamewa, abin sai gaba yake yi. In sake jig ɗin ne, ko in sayi teburin iska?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka sake komai tukuna, kada kuma ka taɓa kuɗinka. Abin da ka kawo ba matsala ɗaya ba ce, huɗu ce suka taru maka a aiki guda: zane na gocewa gefe, yanka na yin tsani, zurfi ba ya daidaita, sannan gaba da baya ba sa haɗuwa. Kowacce da inda take ɓullowa, kuma mai yiwuwa wasunsu babu ruwan mariƙin da su. In ka farfasa jig ɗin ka haɗa sabo alhali ciwon yana jikin inji, ka bar jaki kana dukan taiki.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne injin CNC, da kwamfuta ke tuƙawa, makaho ne. Bai san inda katako yake ba, lamba kawai ya sani. Ka nuna masa sifili, shi kuma daga nan yake ƙirga tafiyarsa. Aikin jig, wato mariƙin katako, shi ne ya ajiye kowane sabon katako a daidai gurbin da na farko ya kwanta. To abubuwa uku ne za su iya motsawa: katako a cikin mariƙi, mariƙi a kan tebur, ko kuma lissafin injin kansa. Duk sauran bayani yana bayan gano wanne ne ya motsa.

Fensir da ɗigo ɗaya

Wannan gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka ɗaure wani katakon da ba ka damu da shi ba kamar yadda ka saba. Ka feƙe fensir sosai, ka ja gajeren layi da ya taso daga kan katakon ya hau majinginar mariƙin, a wuri uku: biyu a dogon gefe, ɗaya a gajere. Ka sake jan wasu layukan daga mariƙin zuwa tebur. Sannan ka ɗaure wani ɗan guntun katako da sukuru can gefen tebur inda aiki ba ya kaiwa, ka sa bit mai tsini, wato ƙarfen yankan da injin ke juyawa, ka tura injin wurin, ka huda ɗan ɗigo, ka rubuta lambar X da Y da allo ya nuna.

Ka saki aikin ya tafi har ƙarshe. In ya gama, ka duba layukan. In layin da ke tsakanin katako da mariƙi ya karye, katako ne ke zamewa. In na tsakanin mariƙi da tebur ne ya karye, mariƙin ne ke tafiya gaba ɗayansa. In duk layukan suna nan lafiya, ka mayar da bit mai tsinin, ka ba injin lambar da ka rubuta. Ya faɗa cikin ɗigon? In ya sauka a gefensa, mariƙinka ya kuɓuta, inji ne ya ɓatar da ƙirga. In kuwa layuka lafiya, ɗigo lafiya, amma zane bai zauna a tsakiya ba, to tun wurin ɗorawa katakon bai shiga gurbinsa ba, ko kuma faɗinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa. Daga yadda ka ce biyar ɗin farko sun fito daidai, nan na fi zargi.

Majingina da lungu

Katako yana samun gurbinsa ne da taɓawa kaɗan, ba da runguma ba. Ƙa'idar da masu haɗa mariƙi ke bi ita ce: ƙasansa ya kwanta a shimfiɗa madaidaiciya, dogon gefensa ya jingina a wuri biyu masu nisa da juna, gajeren gefen ya tokare a wuri ɗaya. Kai kuma ka sa dogayen filawud biyu da suka haɗu a kusurwa. A ido ya fi kyau, amma a aiki ya fi rigima. Gefen katakon da aka tsaga da zarto ba ya miƙewa sak. In yana da ɗan ciki a tsakiya, sai ya riƙa lilo a jikin doguwar majingina, yau ya kwanta ta wannan kai, gobe ta wancan.

Sai lungu. Wannan shi ne ya fi cin mutane. Duk yankan da aka yi, garin katako yana gangarowa ya taru a inda majingina ta haɗu da shimfiɗa, musamman a kusurwa. Katako na farko ya samu wuri fes. Na uku ya danne ɗan gari. Kafin a kai na shida, garin ya dunƙule ya zama kamar tuwon da ya kwana, kilam, wato ƙarfen ɗaure katako, na ƙara matse shi, kuma ba ka ganinsa saboda katako ya rufe. Milimita 2 ba wuya a wurinsa. Busa iska kaɗai ba ta fitar da wanda ya riga ya daskare, sai an sa kurfi ko bakin wuƙa an kankare. Maganinsa na dindindin shi ne a bar wa gari hanyar gudu: ka yanke majinginar ta zama gajerun tubala uku maimakon dogayen sanduna biyu, kusurwar ta zama a buɗe, sannan ka fafe ɗan kwari kamar milimita 3 a gindin kowane tubali.

In kuma akwai inda ka bar injin ya fafe gurbi mai kusurwa a cikin mariƙin, ka tuna bit zagayayye ne, ba ya iya fitar da lungu mai kaifi. Bit mai milimita 6 yana barin lanƙwasa ta milimita 3 a kowane lungu, kusurwar katakonka mai kaifi kuma sai ta hau kan lanƙwasar ta ƙi shiga. A huda ɗan rami a daidai lungun, magana ta ƙare.

Abu na ƙarshe kan majingina, kuma shi ne wanda ba na sassautawa a kansa a shagona: injin da zai yi aikin shi zai gyara fuskar majinginar. Ka ɗaure tubalan da sukuru su ɗan shigo ciki da milimita 1, sannan ka sa injin ya bi ta fuskarsu ya aske. Daga nan majinginar ta bi layin X da Y na injin kansa. Wadda aka saita da sukwaya da ido, ko da kafintan ya kai gwani, da wuya ta yi daidai da tafiyar inji a tsawon rabin mita. Shi kansa mariƙin kuma kada ka dogara da kilam wajen riƙe shi a tebur. Ka sa injin ya huda ramuka biyu ta cikinsa har cikin MDF ɗin tebur, ka buga fegi biyu, ka bi da sukuru. Ko ka cire shi ka ajiye wata guda, gurbinsa yana jiransa.

Ɗaurin da ya wuce kima

Ka ce ka ɗaure har sifana na zamewa abin ya ƙaru. Ban yi mamaki ba. Kilam mai matsa katako daga gefe, in aka wuce da shi, abu biyu yake yi: ko ya ture majinginar filawud ta ɗan ja baya, ko ya sa katakon ya yi doro a tsakiya ya tashi daga shimfiɗa. Katakon da ya tashi kuwa yana rawa a ƙarƙashin bit, za ka ji ƙarar yankan ta canza ta koma kamar ganga. Ka ƙwanƙwasa tsakiyarsa da ɗan yatsa bayan ka ɗaure. Wanda ya kwanta yana amsawa da murya a dunƙule, wanda ya yi doro yana amsawa kamar ƙwarya.

Ka raba aikin gida biyu. Abin da zai tura katako ya jingina daban, abin da zai danne shi ƙasa daban. Na turawa ba ya bukatar ƙarfi, weji biyu na katako da aka buga da tafin hannu ko ƙaramar guduma sun isa, kuma su kasance suna kallon majingina kai tsaye. Shi za ka fara sawa, sannan ka danne. In ka fara danne katako kafin ka tura shi, ka kulle shi a inda bai dace ba. Na dannewa kuma, notin ya fi kusa da katakon aiki fiye da tubalin da ke tallafe da wutsiyar kilam ɗin, in ba haka ba rabin ƙarfin yana tafiya a banza. Tubalin wutsiyar ya yi tsayi ɗaya da katakon ko ya ɗara shi kaɗan, don bakin kilam ya ciji ƙasa. In wutsiya ta yi ƙasa, kilam ɗin gefen katakon kawai yake kamawa, yana ma iya tura shi waje. Ni dai kilam na katako nake amfani da shi a kusa da hanyar bit. Ranar da lissafi ya kuskure, gara bit ya ci katako da ya ci ƙarfe ya tarwatse a fuskar yaro. In shimfiɗar mariƙin tana da santsi, manna mata sanfefa mai kaushi a wuri huɗu yana ƙara riƙo fiye da ƙarin juyi uku na sifana.

Tsanin da ka gani a tsakiyar yanka alama ce ta wani abu ya yi tsalle farat ɗaya. Sau da yawa bit ne ke neman abin da ya fi ƙarfin riƙon. Bit mai murɗi mai jan gari sama yana jan katakon sama tare da garin. In ya dakushe kuma, ba yanka yake ba, turi yake. Madaci ba malaina ba ne, kuma bayan ƙyaure biyar gaba da baya bit mai araha ya soma gajiya, wanda shi ma ya dace da labarinka. Da bit mai milimita 6 mai baki biyu, a juyi 18,000 a minti, in kowane baki yana ɗiban milimita 0.1, tafiyar ta kama milimita 3,600 a minti. A katako mai tauri ni nakan fara ƙasa da haka, zurfin kowane zagaye kuma milimita 3. Ka duba abin da ke fita: ɓarɓashi ake so. In gari ne laushi kamar fulawa da ƙaurin ƙuna, ko bit ya mutu ko tafiyar ta yi sanyi. In kana yanke ƙyauren har ƙasa, ka bar masa 'yan gadoji da ke riƙe shi da ragowar katakon, in ba haka ba da zarar ya rabu zai zabura bit ya ci gefensa.

Zurfin da ba ya daidaita

Wannan ba na gefe ba ne, na sama da ƙasa ne. A zanen da ake yi da bit mai tsini na digiri 90, kuskuren zurfi na rabin milimita yana canza faɗin layi da milimita guda cur, shi ya sa ido ke kama shi nan take. Ka fara da tebur. MDF yana kumbura da damina, yana kuma yin tudu a duk inda aka taɓa ɗaura sukuru. Ka sa faffaɗan bit ka aske shi rabin milimita, haka ma shimfiɗar mariƙin. Sannan ka auna kaurin katakai goma da kalifa, wato ma'aunin kauri. In ka ɗauki sifilin Z, wato na sama da ƙasa, a saman na farko, na bakwai kuma ya gaza shi da milimita 1, zanensa zai fito sama-sama. Ko dai ka sake ɗaukar Z a kan kowane katako, ko ka sa injin ya fara aske fuskar kowanne zuwa kauri ɗaya. In zurfin yana ƙaruwa ne a hankali daga farkon aiki zuwa ƙarshe, bit ne ke zarewa daga kolet, wato hannun da ke riƙe shi. A wanke kolet ɗin, a sauya shi in ya gaji.

Kada ka manta da katakon kansa. Wanda aka sauke daga kudu a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko Panteka a Kaduna yakan iso da sauran ruwa a jikinsa, ya tarar da iskar Arewa. Tsakanin watan Agusta da tsakiyar hunturu, katako mai faɗin santimita 30 yana iya tsukewa milimita 3 zuwa 6 a faɗinsa, alhali tsawonsa kusan bai canza ba. In ka goge guda 30 rana ɗaya ka jingine su a bango, waɗanda ka sassaƙa ranar farko da waɗanda suka yi mako suna shan iska ba faɗinsu ɗaya ba, wasu ma sun kantare. Sassaƙa fuska ɗaya mai zurfi ita ma tana sa katako lanƙwashewa. Don haka ka gama gaba da bayan kowane ƙyaure a zama ɗaya, sauran kuma ka jera su a kwance da 'yan sanduna a tsakani.

Gaba da baya

Nan lissafi ne zalla. A ce a kwamfuta faɗin ƙyauren milimita 300 ne, tsakiyar zane tana 150 daga majingina. Katakon da ke hannunka kuma 302 ne. Ka sassaƙa gaba, ka juya, yanzu ɗaya gefen ne ya jingina. Tsakiyar zanen baya za ta faɗa 152 daga gefen farko. Ga milimita 2 nan, alhali babu abin da ya zame. Duk bambancin faɗi yana fitowa gaba ɗayansa a wurin juyi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce fegi. Ka bar rarar santimita 4 ko 5 a kowane kai na katakon. A cikin zanen ka sa ramuka biyu a kan layin tsakiya, ɗaya a kowace rara. Injin ya huda su a katako, ya huda irinsu a shimfiɗa, ba tare da an taɓa sifilin X da Y ba. In ka juya, ka zura katakon a kan fegin, majingina ba ta da sauran magana. Ramukan su zauna a tsakiya sak, domin in layinsu ya kauce da milimita 1, saɓanin gaba da baya zai zama 2. Fegin kuma ya shiga da ɗan turi. Ka gwada ramin a guntun katako tukuna, saboda fegin kasuwa da aka ce milimita 8 ne ba kullum yake cika 8 ba. In ka riga ka yanke ƙyauren daidai tsawonsu babu rara, ka yi majingina ta biyu a ɗaya ɓangaren, ita ma injin ya aske ta, yadda gefe ɗaya na katakon ne zai jingina a gaba da baya. Ka sa wa gefen alama da alli. Ka kuma tabbatar yadda kake juyawa da hannu, hagu zuwa dama ko kai zuwa ƙafa, haka ka gaya wa Aspire ko ArtCAM, ko wace manhaja kake amfani da ita.

In ɗigon ne ya kauce

Na taɓa shan wannan. Wata shekara ina yin fuskokin gado, zane ya riƙa gocewa, na sake mariƙi har sau biyu, na yi wa yaron shagona faɗan da har yau nake jin kunyarsa. A rana ta uku na kama gadar injin, wato ƙarfen da ya gitta tebur yake ɗauke da kan yanka, na girgiza da hannu, sai na ji ƙas-ƙas a ɓangare ɗaya. Wani ɗan mitsitsin noti ne da ke riƙe giya a jikin sandarta ya kwance. Juyi ɗaya da rabi, aiki ya dawo daidai. Katako huɗu na madaci suka tafi a kan wannan.

Yawancin injinan 1325 suna tafiya a X da Y ne a kan dogon ƙarfe mai haƙora da ƙaramar giya, kuma moto biyu ne ke jan Y, ɗaya a kowane gefe. Ka duba waɗannan ƙananan notina, ka duba bel, ka goge garin da ya cakuɗe da giris a haƙoran. In ɓangare ɗaya na Y ya zame, gadar takan karkace. Gwajinsa: ka sa injin ya ɗiga kusurwoyi huɗu na fili mai faɗin milimita 600 da tsawon 800, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, dukkan biyun su ba ka 1,000. Moton da ke tafiya taki-taki, in aka matsa masa da gudu ko wuta ta yi ƙasa, yana tsallake taki ba tare da ya sanar da kowa ba, allo kuma ya ci gaba da nuna lamba kamar komai lafiya. In kana kan janareta, ka lura ko tsanin yana zuwa ne lokacin da aka tayar da zarto ko kwamfaresa. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta ko ka kunna inji da safe, ka mayar da shi gida, wato kusurwar da yake fara ƙirga daga ita, tukuna kafin komai. Lambar sifilin mariƙinka daga gida ake ƙirga ta. Ka rubuta ta da maka a jikin mariƙin.

Teburin iska

Ba zai warware maka wannan ba. Tebur ne da famfo ke zuƙe iskar ƙarƙashin katako ya manne, dannewa kawai yake yi, ba ya nuna wa katako gurbi, don haka majingina da fegi suna nan dole. Ƙarfinsa daga nauyin iskar duniya ne, kusan kilo 1 a kowane murabba'in santimita, famfo kuma wani kaso na wannan yake samo maka, ya ƙara raguwa in akwai yoyo ko kana kan tudu irin Jos. A kan faffaɗan allon MDF ko filawud mai 1,220 da 2,440 babu kamarsa. A kan madacin da ya ɗan kantare kuwa iska ta gefe take shiga, riƙon ya tafi. Ga famfon kansa, na injin girman naka yakan kai kilowat 5.5 ko 7.5, sai ka tambayi janaretanka ko ya yarda. In aikinka ya koma yankan allo kullum, sannan a yi maganarsa.

Duk wannan daga nesa nake faɗa, ban ga injinka ba, ban kuma ji ƙararsa ba, alhali kunne na gano abin da rubutu ba ya kawowa. In ɗigon yana kaucewa bayan ka ɗaure notina ka rage gudu da rabi, abin ya shiga akwatin lantarki, nan kuma ba fagen kafinta ba ne, a nemo mai gyaran da ya san irin injin. Ka yi gwajin fensir a kan guntun malaina, ba madacin mutane ba, ka turo mini hoton layukan da na lungun mariƙin kafin ka share shi, tare da faɗin ƙyaure na 1 da na 6 kamar yadda kalifa ta nuna.